Hanyar Itace da Lissafin Damina: Giɓin da ke Tarihin Hanyoyin Ƙasar Kagoma

Duk wanda ya nemi tarihin sufuri a kudancin Kaduna, abu na farko da za a miƙa masa shi ne shekarar 1927, lokacin da layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu da Makurɗi ya haɗu da layin Legas zuwa Kano a Kaduna, aka kuma cire reshe daga Kafanchan zuwa Jos. Daga nan sai a ba shi labarin yadda ƙaramin ƙauye ya zama mahaɗar jiragen ƙasa, yadda ma'aikata daga kudu da arewa suka cika garin, da yadda aka ɗauko fadar Sarkin Jama'a daga Sarari aka kawo ta Kafanchan a 1933. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai jirgi a tasha yake tsayawa. Tsakanin tashar da rumbun manomi a ƙauyukan Gwong, waɗanda aka fi sani da Kagoma, akwai rafuka da fadamu da kurmi, kuma kafin siminti ya iso, abin da ke ƙetarar da mutum da kayansa a irin waɗannan wurare itace ne: gungumen da aka gicciya a kan rafi, azarar giginya da aka jera aka zuba wa ƙasa, rassan da aka shimfiɗa a kan taɓo. Abin da nake son kafawa a nan shi ne, wannan itacen shi ne ainihin hanyar karkara, kuma an bar shi a wajen tarihi ne saboda kuɗin da ya ci bai taɓa shiga littafin baitulmali ba. Jikin talaka ne ya biya shi, shekara bayan shekara.

Shimfiɗa itace a kan laka tsohuwar dabara ce a duniya, kuma a wasu ƙasashe an san tarihinta dalla-dalla. A yankin Somerset na Ingila, a 1970, wani mai haƙar ƙasar dausayi mai suna Ray Sweet ya ci karo da katako a ƙarƙashin ƙasa. Da masana suka bi sawu sai suka tarar da turba mai tsawon kusan kilomita biyu, an yi ta da turaku da aka kafa a gicciye aka ɗora alluna a tsakaninsu. Ta hanyar ƙirga zobban da ke cikin gangar itacen aka gano cewa an sare shi a 3807 kafin Miladiyya. A Corlea ta ƙasar Ayilan an tono wata hanyar da aka yi da manyan allunan itacen oak da aka sare a 148 kafin Miladiyya, mai faɗin da amalanke zai iya bi, wadda nauyinta ya nutsar da ita cikin dausayi bayan 'yan shekaru. A birnin Novgorod na Rasha kuwa an tarar da daɓen itace hawa 28 a titi guda, ɗaya bisa ɗaya, daga ƙarni na 10 zuwa na 15. Duk lokacin da na sama ya lalace ko laka ta rufe shi, sai mutanen gari su shimfiɗa sabo a kansa.

Dalilin da ya sa waɗannan suka tsira ɗaya ne: ƙasa ce mai sanyi, jiƙe da ruwa dare da rana, iska ba ta shiga, ƙwayoyin da ke ruɓar da itace ba sa iya aiki. Ƙasar kudancin Kaduna akasin haka take. Tana jiƙewa sharkaf daga Afrilu zuwa Oktoba, ta bushe ƙayau da hunturu, ga gara, ga wutar daji. Hujja ma tana nan kusa da Kagoma. Ƙauyen Nok, wanda aka sa wa shahararriyar al'adar nan sunansa, yana maƙwabtaka, a ƙasar Jaba. Masu bincike na Jami'ar Goethe ta Frankfurt, ƙarƙashin Peter Breunig, sun fara tono a yankin al'adar Nok tun 2005, kuma abin da suka samu gasasshen yumɓu ne da duwatsu da gawayi da ƙonannun ƙwayoyin gero da wake. Ko ƙashi bai cika tsira ba, saboda tsamin ƙasar ya cinye shi. Ƙasar da ta narkar da ƙashi ba za ta ajiye wa kowa gungumen kadarko ba. Don haka rashin ganin tsohuwar hanyar itace a ƙarƙashin ƙasar Gwong labarin ƙasar yake ba mu. Bai gaya mana kome a kan ƙwarewar mutanen ba.

Akwai wata hanyar da itace ke shiga tarihi ko da ya ruɓe, wato takarda, kuma nan ne misalin Amurka ke da amfani. A wajajen 1835 aka shimfiɗa titin katako kusa da Toronto a Kanada. Wani injiniya ɗan jihar New York mai suna George Geddes ya je ya gani, ya dawo ya jagoranci gina irinsa daga Syracuse zuwa ƙauyen Central Square a 1846, mil 16 da rabi. Tsarin mai sauƙi ne. A baje ƙasa, a kwantar da dogayen katakai biyu a tsawon hanya, a jera alluna masu tsawon ƙafa takwas da kaurin inci uku ko huɗu a gicciye. Gefe ɗaya kaɗai ake wa katako, ɗayan a bar shi ƙasa, kuma keken dokin da ya ɗauko kaya zuwa kasuwa shi ke da haƙƙin zama kan katako, wanda ya dawo wayam ya kauce. Kuɗin aikin bai kai rabin na titin tsakuwa ba. Cikin 'yan shekaru kamfanoni fiye da 300 suka shimfiɗa mil fiye da 3,000 a jihar New York kaɗai, yawancinsu da jarin manoma da 'yan kasuwar ƙananan garuruwan da jirgin ƙasa da magudanar Erie suka bari a gefe. Masana tarihin tattalin arziki Daniel Klein da John Majewski sun bi diddigin abin da ya biyo baya. An yi wa masu zuba jari alkawarin katako zai yi shekara takwas ko fiye. Shekara huɗu zuwa biyar ya yi. Da lokacin sabuntawa ya zo, kuɗin da aka tara a ƙofofin karɓar haraji bai isa ba, kamfanonin suka durƙushe, kafin 1860 zazzaɓin ya wuce.

Mun san duk wannan ne domin kamfani yana da littafin hannun jari, yana da rasit, yana da ƙara a kotu. Ruɓewar katako ta bayyana a matsayin asara a kan takarda, kowa ya gani, aka daina. Tambayar da ya kamata mai nazarin Kagoma ya yi ita ce: a inda itace ke ruɓewa da sauri fiye da New York, kuma babu kamfani, babu ƙofar haraji, wa ya ɗauki asarar?

Kafin a amsa, sai an tuna cewa faffaɗar hanya ba kullum take zama alheri ba. A ƙarni na 19, bayan kafuwar masarautar Jama'a a wajajen 1810 a ƙarƙashin Zazzau, al'ummomi da dama na wannan yanki sun rayu cikin fargabar harin neman bayi, kuma mahara da dawaki suke zuwa. Garuruwa suka koma kan duwatsu da cikin kurmi, turba ta zama siririya, ana shinge da ƙerana. A irin wannan zama, gungume guda a kan rafi ya wadatar: mai tafiya a ƙasa zai wuce da kayansa, doki ba zai taka ba, kuma in an ji motsi ana iya ture shi cikin ruwa. Fadamar da ke haɗiye ƙafar doki ganuwa ce. Yana da kyau mai karatu Bahaushe, wanda tarihinsa ya saba yabon gwadabe da ayarin fatake, ya riƙe wannan a zuci. Mutanen da suka ƙi faɗaɗa hanya lissafin tsaro suke yi, kuma lissafin daidai ne a lokacinsa.

Zuwan Turawa ya juya lissafin. Gwamnatin mulkin mallaka tana son hanyar da dokin Di'o zai bi, daga baya babur ɗinsa da motarsa, tana son ganin kowane ƙauye domin ƙidayar haraji, tana kuma matsa wa mazauna kan dutse su sauko fili. Lugard ya ɗauki sufuri a matsayin ginshiƙin duk abin da yake kira ci gaba, har ya yi lissafin cewa jirgin ƙasa guda yana aikin 'yan dako 13,000. Amma kuɗin da ake da shi a dogo aka zuba shi, da manyan gadoji irin ta Makurɗi da aka buɗe a 1932. Hanyoyin ƙauye aka bar wa hukumar gargajiya, wato En'e, En'e ta bar wa hakimi, hakimi ya bar wa dagaci, dagaci kuma ya shiga gida gida ya fitar da mutane. Haka ake sharar hanya bayan ɗaukewar ruwa, haka ake cike ramuka da marmara a kwando, haka ake saro itace a ɗauko shi a kafaɗa a maye gurbin kadarkon da ambaliya ta tafi da shi. Da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da yarjejeniyar hana aikin tilas a 1930, ta bar ƙofa ga abin da ta kira ƙananan ayyukan al'umma, kuma dokar aikin tilas ta Nijeriya ta 1933 ta wannan ƙofar ta bi. Gyaran turbar gari ya ci gaba da zama aikin da ake iya tilastawa ba tare da biya ba.

A kwatanta da wani aikin tilas ɗin da aka yi a yankin. Tsakanin 1942 da 1944, lokacin da Ingila ta rasa kuzar Malaya, an kwashi manoma kimanin 100,000 daga lardunan Arewa zuwa ramukan kuza na Jos, abin da mutane suka riƙa kira ɗiban gwamna. Bill Freund ya rubuta tarihinsa, Michael Mason kuma ya rubuta na waɗanda aka tilasta wa aikin dogon Baro zuwa Kano daga 1907. An iya rubuta su ne domin an ƙirga mutanen, an yi rajistarsu, an kai maganarsu majalisar Ingila. Wanda aka fitar kwana uku ya saro giginya ya ja ta zuwa bakin rafin garinsu ba shi da lamba. A rahoton shekara abin da za a gani layi ɗaya ne, cewa an gyara hanyoyi da gadoji. Aikin da aka maimaita kowace shekara a ɗaruruwan ƙauyuka, in aka tara shi, babba ne ƙwarai, amma da yake a warwatse yake, bai taɓa zama abin da ake kira lamari ba.

Batun da na fi ba muhimmanci shi ne na lokaci. Hukuma ta raba hanyoyi gida biyu, na kowane lokaci da na rani, kuma yawancin hanyoyin karkara na rani ne. Wannan bai dame ta ba, domin duk abin da take nema a ƙauye da rani take nemansa. Ana karɓar haraji bayan kaka. Ana rangadi da rani. Cittar da aka fara nomawa don sayarwa waje a kudancin Zariya da ƙasar Jama'a a wajajen 1927, daidai da isowar jirgi, ana shuka ta a farkon damina, a haƙe ta daga ƙarshen shekara, a tsaga a shanya, ta fita kasuwa lokacin da rafuka suka janye. Gyaɗa da auduga a can arewa haka suke. Kayan da ke kawo wa gwamnati kuɗi ba sa buƙatar gada a watan Agusta. Mai buƙatarta ita ce mace mai naƙuda, da yaron da maciji ya sara a gona, da ɗan makarantar mishan da ke bin turba da asuba, da gidan da rumbunsa ya ƙare kafin sabon hatsi ya nuna, dole uwar gida ta je kasuwar wani gari. Watannin da suka fi ruwa su ne na yunwa da zazzaɓi. Saboda haka itacen da ke kan rafi kashi biyu ne: wanda aka sa da umarni don motar hukuma ta wuce a Disamba, da wanda mutane suka sa wa kansu da aikin gayya don su rayu a Agusta. Tarihin da bai bambanta waɗannan biyu ba zai ruɗe, ya kira tilas gayya, ko ya kira gayya tilas. Sau da yawa kuma hannaye ɗaya ne suka yi duka biyun, a mashigi ɗaya.

Aikin kansa yana da ilimi, kuma ilimin yana hannun waɗanda suka yi shi. Ba kowane itace ake ɗora wa rai ba. Giginya ta yi suna domin gara ba ta cin azararta, shi ya sa magina suka dogara da ita wajen rufin soro daga Kano har Zariya, kuma masassaƙa sun fi son namijinta. Kirya tana da taurin da ya sa ake sassaƙa turmi da ita, maƙera kuma suke neman gawayinta. Maɗaci da ƙawo suna ba da katako mai ƙarfi, a kurmin kudu kuma akwai loko. Ɗorawa da kaɗanya ba a taɓa su sai da dalili, domin suna ciyar da gida. Sai sanin inda za a ɗora: wurin da gaɓa take da dutse, wurin da ruwa ba ya cin gindi, tsayin da ambaliyar bara ta kai. Giginyar da ta isa azara ta yi shekaru da yawa tana girma, wanda ya sare ta ba shi zai ga madadinta ba. Ga kuma dokar gandun daji ta 1916 da waɗanda suka biyo ta, da suka ba hukuma ikon keɓe daji da hana sarar wasu itatuwa. Dagaci ya samu kansa tsakanin ofis biyu na gwamnati ɗaya, wannan yana son gada, wancan yana tsaron itace. Gandun Nimbia da aka kafa a ƙasar Jama'a a 1957 aka dasa masa itacen tik, don kasuwar katako da turakun waya aka yi shi, ba don mashigin ƙauye ba.

Wani zai ce wannan duk kewar tsohon zamani ce, itace ya wuce, abin da mutanen Kagoma ke so kwalta ne da kwalbati. Gaskiya ne, kuma sun cancanci su samu. Ba na kiran kowa ya koma kadarko, ganin yadda kurmin yankin ke ƙarewa a hannun masu injin yanka da masu gawayi. Sai dai itacen bai wuce ba tukuna. A yau ma in motar citta ko ta taki ta kafe a fadama, direba da yaransa rassa da gumagumai suke nema su cusa ƙarƙashin taya. In ruwa ya cinye kwalbati, matasan gari katako suke jerawa don babura su wuce, wani lokaci su karɓi ɗan abin da ya samu daga masu wucewa. Wannan ita ce tsohuwar dabarar, kuma masu biyan kuɗinta su ne dai jikokin waɗanda suka biya a da.

Darasin New York ma bai tsufa ba, domin kuskuren Geddes kuskure ne na lissafin gyara, kuma shi muke ta maimaitawa da kayan da suka fi katako tsada. Hukumar raya karkara ta DFRRI da gwamnatin Babangida ta kafa a 1986 ta buɗe hanyoyin burji masu yawa a karkarar Nijeriya, ba tare da an tanadi wanda zai riƙe su ba, damuna kaɗan suka mai da da yawansu kwazazzabo. Ƙarfe ma bai tsira ba: ƙaramin dogon da ya haɗa Zariya da Jos tun 1914 an rufe shi a 1957, kuma tashar Kafanchan da ta haifi garin ta daɗe da yin shiru. Shirin hanyoyin karkara na Bankin Duniya da aka fara da jihar Kaduna a 2008 ya kama bakin zaren ta wuri guda, da ya ba mashigan ruwa muhimmanci na musamman ya kuma sa gyara cikin kwangila. Igiya daga inda ta fi rauni take tsinkewa. Hanya mai kilomita ashirin da ke da mashigi ɗaya marar gada, a watan Agusta babu ita. Mutanen da suka shekara ɗari suna sabunta itace a waɗannan wurare sun san kowane mashigi da halinsa, kuma injiniyan da zai kafa kwalbati ba tare da ya tambaye su inda ruwa ya saba kaiwa ba yana wasa da kuɗin jama'a.

Ta yaya za a rubuta tarihin abin da ƙasa ta cinye, takarda kuma ta yi wa rowar layi? Takardar ba ta rasa amfani gaba ɗaya ba. A Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna akwai fayilolin lardunan Nasarawa da Filato da Zariya, waɗanda suka shafi wannan yanki a lokuta daban-daban, da rahotannin rangadi da kasafin baitulmalin En'e. Wanda ya karanta su yana neman abin da aka kashe a kan gada, ya kuma lura da shekarun da aka ce an gyara ba a kashe kome ba, zai fara ganin girman aikin da ba a biya ba. Littafin bayanin lardin Filato da C. G. Ames ya haɗa a 1934 da nazarin Yusufu Turaki kan gadon mulkin mallaka a yankin za su ba shi shimfiɗa. Amma babban kundin yana bakin mutane, cikin harshen Gyong na mutanen Gwong da Hausar kasuwa: wane dagaci ne ya fitar da mutane, wace shekara ruwa ya tafi da gada da mutum a kanta, daga wane kurmi aka saro itacen, me ake wa wanda ya ƙi fita. Kada kuma a tsaya a kan maza. Mata ne suka fi ɗaukar kaya a waɗannan turbobi, su suka san nauyin kwandon marmara da santsin gungume a jiƙe.

Lokaci ya ƙure. Marigayi Gwamna Patrick Yakowa, ɗan Fadan Kagoma, an haife shi a 1948, sa'o'insa yau sun haura shekara saba'in da biyar, kuma su yara ne lokacin da ake wannan aiki. Waɗanda suka ɗauki itacen da kafaɗarsu kafin 1960 sun girme su. Ina kira ga malamai da ɗaliban tarihi na reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan da Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, da fadar Kpop Gwong, wato sarkin Kagoma, da su sa wannan cikin ayyukan bincike na bana: a bi mashigan ruwa na ƙasar Kagoma ɗaya bayan ɗaya, a zauna da tsofaffin kowane gari, maza da mata, a naɗi muryarsu, a rubuta sunan rafin da na itacen da shekarar da siminti ya iso, in ya iso.